Tambayi Malama: hannu kan riga baki

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan wata, duk a kan abu guda, wato yi wa ƙaramin yaro magana da hannu. Uku daga nan Yamai suka fito, ɗaya daga Tawa. Shekarata 17 ina koyarwa a ajin 'yan ƙanana, na kuma yi goyo huɗu, amma abin da ya sa na matsu in amsa su shi ne ina da ƙane kurma. Idan kuka kai wasiƙar ƙarshe za ku ji labarinsa.

Tambaya ta farko

*Malama, barka da aiki. Ɗiyata ta fari watanta takwas. Ina ganin bidiyo a Facebook da TikTok, matan Turawa na koya wa jarirai alamu da hannu, yaron da bai buɗe baki ba ya nuna yana son nono ko ya ƙoshi. Na fara gwadawa, sai uwar mijina ta gan ni ta ce in bari, wai zan mayar mata da jika bebiya. Da gaske yana hana magana? In ba ya hanawa, ta ina zan fara?*
*Uwar ɗiya ɗaya, Bukoki*

Ƙanwata, ba ya hanawa. Amma kafin ki kai wa Inna wannan amsa, ki zauna gefe yini guda ki dubi yadda take yi da jikarta. Za ki ga ta miƙa hannu biyu tana yafito ta tana cewa "zo, zo, kishiya". Za ki ga ta kama tafukan yarinyar tana koya mata tafi. Bayan salla za ta haɗa mata hannu ta shafa mata a fuska tana cewa "amin". Nan da wata huɗu ko biyar, ranar da aka miƙa wa yarinyar abin da ba ta so, za ta noƙe kafaɗa, gida ya ɗauki dariya, Inna ce ma za ta fi kowa jin daɗi. Duk wannan maganar hannu ce, kuma da ita aka rene mu. Abin da matan cikin bidiyo suka ƙara kawai shi ne suna yi da niyya, alama ɗaya ga kalma ɗaya, kullum iri ɗaya.

Dalilin da ya sa abin ke aiki yana jikin yaron. Kafin kalma guda ta fito daidai, sai harshe da leɓe da maƙogwaro da numfashi sun haɗa kai, kuma wannan na ɗaukar lokaci. Hannu ya riga su nuna. Tsakanin wata 6 zuwa 9 jariri ke fara gwalantu, "ba-ba-ba", "da-da-da". Daga wata 9 zuwa shekara yake fara nuni da yatsa, ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Kalmar farko takan zo wajen shekara guda, haɗa kalma biyu kuwa sai wajen shekara biyu. To amma fahimta ta daɗe da yin gaba. Yaro ɗan wata goma ya san "ruwa", ya san "Baba ya dawo", ya san "bari". Ya san abin da yake so, bakin ne bai kai ba. A wannan tsakanin ne ake shan kuka da birgima da jifa da kofi, uwa tana ta canki-canki: yunwa ce, ƙishirwa ce, ko ciki ne? Alama uku ko huɗu na rage wannan wahala, gare ki da gare ta.

Sharaɗin guda ne, kuma shi ne amsar tsoron Inna: kada hannunki ya motsa bakinki na rufe. Duk alamar da za ki yi, ki faɗi kalmar tare da ita, kina kallon idon yarinyar. "Nono? Nono kike so? To ga nono." Kin ga ta ji kalmar sau uku, inda da sai dai ki ɗaga riga ki ba ta shiru. Yaron da ke ji, ranar da kalma ta zauna a bakinsa, da kansa yake sakin alamar, kamar yadda yake watsar da keken katako na koyon tafiya da zarar ƙafa ta yi ƙwari. Baki ya fi sauƙi, yana kai wa ga wanda ke bayan ɗaki, kuma ana iya amfani da shi hannu na riƙe da ƙosai.

Ki fara da abin da take buƙata sau da yawa a yini. Nono: ki dunƙule hannu ki buɗe, ki dunƙule ki buɗe, kamar mai tatsa. Abinci: ki haɗa yatsu kamar loma ki kai baki, da hannun dama, don gobe kada a sha fama da ita a kan akushi. Ruwa: kamar kin kafa kofi a baki. Tun da ta wuce wata shida ta isa shan ruwa. Masu jariran da ba su kai ba, ko da zafin watan Afrilu ne, nono zalla ya wadatar, alamar ruwa ta jira. Sai "ya ƙare": ki kakkaɓe tafukanki biyu kamar yadda mai tuwo-tuwo ke yi idan tukunya ta tashi.

A kan wannan ta ƙarshe ina da gargaɗi. A bidiyoyin Amurka, alamar "na gama" ita ce a ware yatsu biyar na hannu biyu a juya tafin waje. A can ba komai ba ce. A nan, ɗiyarki ta yi wa wan mijinki haka a tsakar gida, kowa daƙuwa zai gani, kuma ke za a tambaya wa ya koya mata. Wata uwa a makarantarmu ta sha wannan kunya a gidan suna. Don haka duk alamar da kika ɗauko daga waje, ki fara auna ta da idon mutanen gidanku. Wadda muke da ita tun asali ta fi, domin kowa a gidan zai gane ba sai an yi masa fassara ba.

Wadda na fi so a koya wa kowane yaro ita ce "zafi". Gidajenmu cike suke da murhu da gawayi da butar shayi a ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Ni hura yatsu nake yi ina yarfe hannu, ina cewa "zafi!" Autata na da wata 13, wani dare ta tashi da kuka, ta ƙi nono, ta ƙi goyo. Na kunna fitila, sai na ga tana kama kunnen dama tana hura yatsunta. Ban taɓa koya mata haɗa zafin wuta da zafin ciwo ba, ita ta haɗa. Da safe aka duba a asibiti, kunnen ne ya kumbura daga ciki. Da ba don wannan 'yar alama ba, da ciwon haƙori zan ɗora wa laifi in yi kwana uku ina jira.

Kada ki sa ran gani gobe. Wata yarinyar mako uku, wata sai ta yi wata biyu tana kallonki kawai, rana ɗaya ki ga ta yi. Kuma ba za ta yi shi tsaf ba. Alamar nono tana iya zama kamar tana yafito kaza. Ki karɓa a haka, ki amsa mata da sauri, domin amsawar ce ke koya mata cewa abin da ta yi yana da ma'ana. Kada ki riƙe abinci ki ce sai ta yi alama. Wannan horo ne, kuma yaron da aka yi wa haka yakan tsani abin gaba ɗaya.

Akwai abu biyu na wajenmu da bidiyon ba zai gaya miki ba. Na farko goyo. Yaron da ke bayanki yana jin ɗuminki, yana jin muryarki ta cikin ƙashin baya, amma bai ga fuskarki ba balle hannunki. Saboda haka lokacin alama shi ne lokacin da kuke fuska da fuska: shayarwa, wanka, shafa mai, ba da kunu. Na biyu kunyar ɗan fari. Na san yadda take. Ni ma da na haifi na fari, ko sunansa ban iya kira ba, wasa da shi gaban surukai kuwa sai dai in saci jiki. Ba zan ce ki yar da kunya ba. A ɗakinki ki sake da ɗiyarki yadda kike so, a tsakar gida kuma ki bar wa mai ita. Kaka ba ta da wannan takunkumi, wasa da jika aikinta ne. Ki je ki ce, "Inna, kishiyarki ta fara son fura, wace alama za mu yi mata?" Duk wadda ta zaɓa, ita za a bi. Tsohuwar da aka ba ta wannan girma, da wuya ki sake jin maganar bebantaka a bakinta.

Tambaya ta biyu

*Malama, ina kasuwanci a Wadata. An turo wa maiɗakina talla a WhatsApp, darasin bidiyo na maganar hannu ga jarirai, jikka 20. Sun ce yaron da ya koya yana riga tsaransa magana, kuma yana fin su ƙwaƙwalwa a makaranta. Ɗanmu watansa 10. In biya?*
*Uban yaro, Wadata*

Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Ga yadda maganar take tun daga tushe.

A 1982 wata malamar jami'a a Kaliforniya ta Amurka, Linda Acredolo, ta lura ɗiyarta 'yar shekara guda tana shinshina hanci duk lokacin da ta ga fure, ko a lambu ko a hoto. Ita da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka shiga bincike a kan irin waɗannan alamu da jarirai ke ƙirƙira. A shekarar 2000 suka fitar da sakamakon bin yara 103 tun suna wata 11, inda suka ce waɗanda aka koya wa alamu sun ɗan yi gaba a magana. Daga nan abin ya zama kasuwa: littattafai, faya-fayai, azuzuwa na kuɗi. Amma da wasu masana a Kanada suka tattara binciken da aka yi a kai suka tace a 2005, sun ce hujjar ba ta kai ƙarfin tallar ba. A 2013 kuma Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila suka raba jarirai 40 rukuni-rukuni, suka bi su daga wata 8 zuwa wata 20. Waɗanda aka koya wa alamu sun koya, sun yi amfani da su, amma ba su riga sauran magana ba, ba su kuma yi baya ba.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken na Ingila shi ne canjin a wajen iyaye mata aka gan shi. Waɗanda suka yi alamu sun fi lura da motsin 'ya'yansu, sun fi saurin gane abin da yaro ke nufi. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin na gani a kaina. Mai jiran ta ga ko hannun ɗanta zai motsa, dole ta ajiye salula ta dube shi. Amfanin ke nan, kuma ba a sayar da shi jikka 20.

Sannan akwai haɗari a irin wannan darasi: a ƙarshe yaron ake ajiyewa gaban waya a ce ya koya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi kallon allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini. Jariri daga mutum yake koyo, wanda zai yi masa ya mayar, ya mayar a amsa masa. Waya ba ta san ya yi alama ba.

Ga abin da zan roƙe ka maimakon kuɗin. In ka dawo daga kasuwa, kafin ka kama radiyo, ka ɗora shi a cinya minti goma. Ka zaɓi alama guda ta zama taku kai da shi, ko ta babur ce, ka murɗa hannu kana cewa "babur". Jikka 20 ɗin a sa su a ƙwai da kifi da wake da ganyen zogale a kununsa, sun fi yi wa ƙwaƙwalwar aiki.

Tambaya ta uku

*Tanti, mijina Bazabarme ne, ni Bahausa, a gidan reno kuma Faransanci ake yi wa ɗanmu. In na ƙara masa alamu, ba zai rikice ba?*
*Ma'aikaciya, Yantala*

Ba zai rikice ba, ɗiyata. Rabin ajina haka suke, kuma yaran Yamai sun daɗe suna tashi da harshe biyu da uku lafiya lau. Yaro mai harsuna da yawa yakan cakuɗa su a jimla guda yana ƙarami, wannan ba ciwo ba ne, da kansa yake rarrabewa. In za ki ƙirga kalmominsa, ki haɗa na duka harsunan, kada ki ƙirga na Hausa kaɗai ki tsorata. Alama ma taimako take yi a irin gidanku: ke ki ce "ruwa", babansa ya ce "hari", mai reno ta faɗa da Faransanci, hannun kuwa iri ɗaya, sai ya gane abu guda ake nufi. Ki dai nuna wa mai renon alamun, don kada ya yi ta yi ba mai amsa masa.

Tambaya ta huɗu

*Malama, ina gaisuwa. Ɗana shekararsa biyu da wata biyu. Da bazarar da ta wuce ya yi sanƙarau, muka kwana 12 a asibiti, Allah ya tashe shi. Kafin ciwon yana cewa "Baba", "Inna", "zo". Yanzu duk ya daina. In na kira shi ta baya ba ya juyowa, sai dai ya ja zanena ya nuna abin da yake so. Na fara yi masa nuni da hannu yana ganewa, amma maigida ya hana, ya ce in ya saba ba zai ƙara magana ba. Dangi kuma sun ce a kai shi wajen wanzami a yanke linzami. Malama, ba ni barci.*
*Uwa, Tawa*

'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki sau uku. Duk abin da na faɗa wa na sama, na yaran da ke ji ne, waɗanda alama gare su ƙari ce, in an yi da kyau, in ba a yi ba babu asara. Naki daban ne, kuma da gaggawa.

Ni ba likita ba ce, amma yaron da ke magana, ya yi sanƙarau, ya daina magana ya daina juyowa, kunnensa za a fara dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan fita da wata larura mai daɗewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda aka fi gani. Ki ɗauki karnensa, wato littafinsa na asibiti, da takardun sallama ki koma babban asibitin Tawa a makon nan, ki ce kina son a auna jinsa. In suka tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Yamai, wanda ake kira ORL, ku zo. Na san tafiyar ta fi kilomita 500, na san kuɗin mota da masauki, amma kada a ɗaga zuwa bayan girbi. Bayan sanƙarau, can cikin kunne yakan fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi cikin watanni, kuma wasu hanyoyin taimako suna rufewa in an jima. Akwai na'urorin da ke auna jin yaro ba sai ya ce komai ba, yana barci ma ana yi. Kada ki dogara da gwajin gida na buga kwano a bayansa. Yaron da ba ya ji idonsa kaifi gare shi, yana ganin inuwa, yana jin motsin ƙasa a ƙafarsa, ya juyo, ku ce ai yana ji.

Maganar wanzami a bar ta. Harshen da ya ce "Baba" da "Inna" bara ba a ɗaure yake ba. Aska ba za ta dawo da ji ba, sai dai ta ƙara masa zubar jini da miki a baki.

Yanzu ga maigida, kuma ina roƙon ki karanta masa wannan da ladabi, domin na san tsoro ne ya sa shi hanawa, kuma tsoron uba ne mai son ɗansa. Malam, mahaifina ma haka ya yi. A sanƙarau ɗin 1995, wanda ya ratsa ƙasar nan ya cika asibitoci, ƙanena na da shekara uku, muna wani ƙauye a Adar. Ya tashi ba ya ji. Baba ya ce duk wanda ya yi masa nuni da hannu zai gamu da shi, a yi masa magana da ƙarfi har ya saba. Muka yi ta ihu a kunnensa shekara huɗu. Kalmomin da yake da su suka zube ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma ba shi wasu a madadinsu ba. Ya zama mai faɗa, mai cizo, mai fasa ƙwarya. Sunansa ma ya ɓace a gari, sai "Bebe". Ranar da kakarmu ta rasu yana ɗan shekara shida, ya ga an fita da ita, ya yi mako yana zama bakin ƙofarta da kwanon furarsa, kuma duk gidan babu mai hanyar gaya masa abin da ya faru. Ina da shekara 15 a lokacin. Har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Innarmu ce ta karya dokar a ɓoye, a madafa, ita da shi suka ƙirƙiro alamunsu: ta tuwo, ta rijiya, ta akuya, ta Baba, wadda ita ce shafa gemu. Da su ya rayu har ya kai 14, na kawo shi Yamai, ya haɗu da kurame 'yan'uwansa. Cikin wata shida ya zama wani mutum. Ashe yana da barkwanci, ashe yana da tambayoyi na shekara goma a cikinsa. Yau tela ne, yana da mata da 'ya'ya biyu masu ji, waɗanda suka fara magana da hannu kafin baki, kuma bakin nasu ba abin da ya same shi. Amma karatu da rubutu har yanzu da ƙyar yake yi, ya kuma sha gaya mini cewa shekarun nan na shiru ba su dawowa. Baba kafin ya rasu ya koyi alamu kamar ashirin, da tsufansa, hannu na rawa. Ya ce da ya sani.

Malam, ƙwaƙwalwar yaro tana da lokacin kama harshe, kuma mafi ƙarfinsa shekaru uku zuwa biyar na farko ne. Ba ta damu ta kunne harshen ya shigo ko ta ido ba, ita dai ya shigo. A 1991 Laura-Ann Petitto ta Jami'ar McGill a Kanada ta nuna cewa jariran kurame da ake yi wa maganar hannu tun haihuwa suna gwalantu da yatsunsu, a daidai watannin da masu ji ke yi da baki. Yaron da ya riƙe harshe ta hannu, in aka sa masa na'urar ƙara ji daga baya, yana da abin da zai jingina sautin a kai, domin ya riga ya san abubuwa suna da suna. Wanda aka bari ba ko ɗaya shi ne ke shan wahala ta kowane gefe.

In kuma ana cewa ai zai karanta leɓe, ka tsaya gaban madubi ka ce "bari", "ɓari", "mari" ba tare da murya ba. Leɓenka iri ɗaya zai yi sau uku. Ka ce "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Bambancinsu a hawa da saukar murya yake, ido ba ya ganinsa. Hausa harshe ne da kunne ke rarrabe kalmominsa da yawa. Babba da ya san Hausa kafin ya kurumce yana iya cike gurbi da hasashe. Ɗan shekara biyu mai kalma uku da me zai cike?

Maganar hannu ta kurame harshe ce cikakkiya, da nahawunta, ana wa'azi da ita, ana ciniki, ana faɗa, ana neman aure. Ƙasar Hausa ma tana da tata tun da daɗewa, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta a kanta a shekarar 2000. Wadda ake koyarwa a yawancin makarantun kurame na yankinmu kuwa tushenta na Amurka ne, ta hanyar Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan mishan wanda shi ma sanƙarau ya kurumtar yana shekara 11, ya buɗe makarantarsa ta farko a Accra ta Gana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka yana buɗe wasu. A nan Yamai akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba, kuma kurame na da ƙungiyarsu ta ƙasa. In kun zo awon kunne, ku ware safiya guda ku je ku ga yara suna darasi. Maigida ya gani da idonsa, ya fi duk abin da zan rubuta.

Kafin nan, 'yar'uwata, ga aikin gida. Ki ci gaba da nunin da kike yi, ki kuma ci gaba da magana tare da shi, domin wataƙila akwai sauran ji a kunne ɗaya. Ki durƙusa daidai tsayinsa, haske na fuskarki, ki taɓa kafaɗarsa ya dube ki kafin ki fara. Kada a tsaya ga ci da sha. Ki ba shi alamar kowa a gidan, ta akuya, ta zafi, ta tsoro, ta "Baba ya tafi, zai dawo". Yayyensa su koya, su ne za su fi ki sauri. Sannan ki nemi babban kurma a Tawa, namiji ko mace. Suna nan, a tasha, a kasuwa, a shagunan ɗinki, sun san juna, kuma ban taɓa ganin wanda aka kawo wa ƙaramin yaro kurma ya juya baya ba. Ki gayyace shi gida ko sau ɗaya a mako. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyaye masu ji suka haife su, don haka kusan duk wanda za ki samu ya bi ta inda ɗanki yake yanzu, ya san abin da ya so a yi masa.

Na nuna wa ƙanena wasiƙarki, na fassara masa. Ya ce in gaya miki abu na farko a raɗa wa yaron suna na hannu, alama guda da ke nufin shi kaɗai, a riƙa yi masa ita ana nuna ƙirjinsa, kuma kada a bar kowa a unguwa ya kira shi "Bebe". Nawa sunan a wajensa shi ne taɓa kumatun hagu da yatsa biyu, inda nake da tabo tun ƙuruciya. Ki rubuto mini bayan awon, ki gaya mini abin da likita ya ce da kuma sunan da kuka zaɓa masa.